Ki Hau Motarki Ki Tafi Kaduna Ranar Litinin

Samaru, Zariya
Ranar Alhamis

Rifkatu 'yata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya baƙunta a Hanwa, yaya gajiyar biki? Ki gaishe mini da mijinki Bitrus. Allah ya tsare fitarku da shigarku, ya sa salama ta zauna a sabon gidan nan naku.

Ba labarin gida zan ba ki ba, kowa lafiya lau. Na ɗauki biro ne don na san halinki kuma na san nawa. In na kira ki a waya, kafin in kai rabin magana kin ce "Mama, na gane," ni kuma in hau faɗa, mu tashi ba a faɗi komai ba. Saboda haka ki nemi kujera ki zauna, ki karanta har ƙarshe.

Maganar zaman ranar Lahadi ce. Kin sami aiki a Kaduna, an ce ki fara ranar Litinin, in ba ki je ba a ba wani. Aikin Bitrus a Shika yake, gida dole a Zariya, ke kuma kin ce za ki riƙa zuwa kina dawowa kullum da 'yar jar motar nan mai ƙofa biyu da kika saya ta hannu. Da aka taru a falonmu, danginmu da na mijinki, sai Baba Ishaya, wan babanki, ya gyara zama ya ce wannan motar gayu ce, ta samari masu zaga Samaru da yamma, ba ta hanya ba ce. Ya ce ki haƙura har wani aikin ya fito a nan gida. Sannan ya nuna ni da baki ya ce, "Ku tambayi uwarta. Irin wannan ce ta kusa hallaka ta a hanyar nan, har ta ajiye aiki." Kowa ya juyo ya dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa. Na ji muryarki ta yi sanyi kin ce, "To, Baba, zan yi tunani."

Kada ki yi wani tunani. Abin da Baba Ishaya ya faɗa ba haka yake ba, kuma ba laifinsa ba ne, daga bakina ya ji. Yau zan gaya miki yadda aka yi.

Kina shekara shida lokacin da na sami aikin koyarwa a wata makarantar nas-nas a Kaduna. Na sayi mota 'yar Kwatano, koriya, ƙofa biyu, gajera har kamar za ta taɓa ƙasa, ga salansa mai gurnani. In na fito daga layinmu ɗalibai sai su yi ta fito suna cewa "Mama, ba dama!" Matan coci kuma suna dariya wai nas ta zama 'yar tsere. Ko a jikina. Ina son motar nan, Rifkatu, ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. In na wuce Ɗan Magaji hanya ta buɗe, na taka ta, sai in ji duk gajiyar gida ta zube. Wata bakwai na yi ina zuwa ina dawowa, ba ta taɓa ƙin tashi da safe ba ko sau ɗaya.

Wautata ta fari tun makon farko na yi ta. Baba Ishaya ya ce a kai wa bakanikensa ya duba. Mutumin ya buɗe bakin mota, ya girgiza kai, ya ce ai wannan don ƙasar sanyi aka yi ta, zafin Zariya zai kashe ta. Ya kwance wani ɗan ƙarfe da ke daidaita zafin ruwan inji, ya haɗa wayar fanka kai tsaye don ta riƙa juyawa ba tsayawa, ya zuba baƙin mai mai kauri kamar zuma. Ya miƙo mini ƙarfen a leda ya ce in ajiye ko in yar, duk ɗaya. Ni da ko babban likita ya ce a cire wa mara lafiya wani abu sai na tambayi dalili, ranar nan tsayawa na yi ina gyaɗa kai, don maza biyu suna magana kuma wai sha'anin ƙarfe ba namu ba ne. Haka ake yi wa kusan kowace mota a garin nan, shi ya sa ban ga abin tambaya ba.

To ke, kada ki bari a cire komai daga motarki da sunan gyara. In bakanike ya ce abu ba shi da amfani, ki ce ya gaya miki aikin da yake yi. In ya kasa, ki karɓi makullinki. Kuma kada ki ajiye mota a gareji ki tafi kasuwa. Ki tsaya a kansa, ki leƙa, ki dame shi da tambaya har ya gaji da ke. Ya ce kin cika iyayi, ki ce a gida kika gada.

Fankar nan da aka hana hutu ta yi ta juyawa wata da watanni har ta gaji ta mutu, ni ban sani ba. In ina gudu a hanya iska tana sanyaya inji, ba abin da ke nunawa. Amma da na shiga cunkoson Kawo ko na Maraban Jos, sai wata 'yar jar fitila ta kama a gaban sitiyari. Da hanya ta buɗe sai ta mutu. Na ce zan kai a duba ranar Asabar. Asabar ta zo akwai wanki, wata Asabar akwai biki, wata akwai zumuntar mata. Fitilar kuma tana tayar mini da hankali in ina tuƙi. Kin san abin da uwarki ta yi? Na buɗe jakata na yanko filasta, irin wadda muke manna wa ciwo, na manne fitilar. Na ce madalla, yanzu na huta. Wautata ta biyu ke nan.

Ki yi dariya, na yarda, ni ma yanzu dariya nake yi. Amma in kin gama ki ji ni. Duk fitilar da ta kama, duk ƙarar da ba ki saba ji ba, duk ɗigon da kika gani a ƙasa inda mota ta kwana, ranar za ki bi ta kansa, ba Asabar ba. Kowace safiya kafin ki tayar, ki buɗe baki ki duba ruwa da baƙin mai, ki zaga ki dubi tayoyi. Bai kai lokacin da kike ɓatawa wajen ɗaurin ɗankwali ba. Taya kuma sabuwa za ki sa, ba tsofaffin nan da ake gogewa da baƙin mai a jera a bakin titi suna ƙyalli ba.

Wauta ta uku ita ce babba, kuma ita nake fi ji miki tsoro, don ba a gareji take ba, a coci take da cikin dangi. Kin san garin nan. Da an ji kana zuwa Kaduna kullum, ka zama motar saƙo. Kowa yana da ɗa ko 'ya ko ƙanwa a can. Tun ina karɓar wasiƙa da ƙullin daddawa, har aka kai ga buhun masara daga Shika, jarkar manja, kaji da rai an ɗaure musu ƙafa. Ƙarfe shida na safe in buɗe ƙofar gida in tarar da mutane a tsaye da kayansu, "Maman Rifkatu, ina kwana, ai dama mun ce bari mu bi ki." Mama Talatu, shugabar zumuntar mata a lokacin, Allah ya jiƙan rai, kusan kowane mako sai ta bi ni wajen jikokinta. Mace ce mai jiki, mota kuma ƙofa biyu, sai an kwantar da kujerar gaba an tura ta baya da dabara, tana shiga tana cewa Allah ya sa mini albarka. Bayan motar ya zauna, salansa tana gogar ƙasa a duk tudun da muka hau. Da na tashi aiki kuma maimakon in kamo hanya, sai in shiga unguwa-unguwa ina neman gidan da zan sauke buhu.

Ban taɓa cewa a'a ba. Kunya nake ji, kuma ina tsoron a ce don na yi mota na fara girman kai. Ke kada ki ji wannan kunyar. Motarki ƙarama ce, don mutum ɗaya ko biyu da jaka aka yi ta. Tun ranar farko ki toshe ƙofar nan, domin in kika karɓi ƙullin kuka yau, jibi akuya za a kawo. Za su yi gunaguni, za su ce 'yar Saratu ba ta da kirki. Su faɗa. In bakinki ya yi nauyi, ki ce "Mama ta hana," ki turo mini su Samaru, ina da amsarsu. Da kin tashi aiki ki kamo hanya da sauran rana, kada saƙon kowa ya sa magariba ta same ki a Jaji.

Ga ranar da Baba Ishaya yake nufi. Juma'a ce, cikin bazara, rana kamar za ta fasa kai. Muna dawowa, ni da Mama Talatu da wasu mata biyu, da kayan da aka ba su tsaraba cike da but. Bayan Maraban Jos wata tirela ta faɗi ta tare hanya, motoci suka yi layi ana tafiya taku-taku. Fitilar tana can tana ci a ƙarƙashin filasta, ni ina hira. Sai kawai farin tururi ya taso daga bakin mota ya rufe gilashi. Mama Talatu ta ƙwalla ihu, "Yesu! Wuta! Wuta!" Ta kama kujerar gaba tana jijjigawa, ta ƙi bari a kwantar da ita, da ƙyar muka jawo ta waje ɗankwali a hannu. Babu wata wuta, ruwa ne ya tafasa.

Da na tsaya nan na bar inji ya huce, da an wuce wurin. Amma mutane sun taru, kowa yana ba da shawara, ni kuma ina so in nuna na san abin da nake yi. Na sa hannu na murɗe murfin lagireto. Ruwan ya yi tsalle ya wanke mini hannu. Tabon nan da kike shafawa kina ƙarama kina tambayata, nan na samo shi. Wani kuma ya kawo ruwan leda mai sanyi aka yi ta ɗurawa cikin inji mai zafi, ina tsaye ina riƙe da hannu ban hana ba. Daga nan motar ba ta sake tashi ba. A-kori-kura ce ta ja mu da igiya har Sabon Gari.

Ki riƙe wannan da kyau. In inji ya yi zafi, ki gangara gefe ki kashe, ki koma inuwa ki zauna. Kada ki taɓa murfi, kada ki bari a zuba ruwa, ko mutum ɗari ne suka kewaye ki suna cewa sun san mota. Masu ba da shawara a bakin hanya, da an ɓata sai ki neme su ki rasa.

Direban da ya ja mu ne ya kai ni garejin Oga Sunday, bayan layin masu sayar da kayan mota. Mutumin kudu ne, a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya duba ya ga fanka a mace, ya ga inda aka cire ƙarfen nan, ya ce, "Madam, wa ya cire wannan? Oyibon da ya ƙera motar ya sa shi, mahaukaci ne?" Ya zaga baya ya ga yadda motar ta zauna. Da ya shiga ciki sai ya hangi filastar. Ya ɓanɓaro ta a hankali, ya ɗaga ta sama, ya dubi fararen kayan da ke jikina. Ya ce, "Ke nas ce, ko? In mara lafiya yana kuka, baki kike manne masa?" Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, ji na yi kamar in nutse.

Kwana uku ya yi ya gama. Ya sa ni a gaba muka gwada ta har Gwargwaje muka dawo, tana tafiya sumul. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Motar nan lafiyarta ƙalau. Ki daina loda ta, ki riƙa kawo ta sabis, za ta kai ki Kaduna har ki gaji."

Amma kafin nan Lahadi ta riga ta wuce. Mama Talatu ta tashi a cikin sujada ta ba da shaida cewa Ubangiji ya fisshe su daga wuta a hanyar Kaduna. Aka yi tafi, aka yi waƙa. Kafin yamma labari ya zama motar ta ƙone, ga hannuna a naɗe kowa yana gani. Gida ya cika da masu jaje. Baba Ishaya ya zo ya zauna ya ce dama ya faɗa. Babanki kuwa, ki ji wannan da kyau, bai hana ni komai ba. Cewa ya yi, "Ke kika san abin da za ki iya."

Da na buɗe baki sai na ce, "Gaskiya motar ba ta da tabbas." Ni na faɗa, ba wanda ya sa ni. Na gaji da saƙo kuma na kasa hanawa, na tsorata, sannan na kasa tsayawa gaban jama'a in ce ni na manne fitila da filasta. Ɗora wa mota ya fi sauƙi, don ba za ta tashi ta ƙaryata ni ba. Na rubuta takardar barin aiki, kowa ya yaba mini wai na yi hankali. Wani malami ya sayi motar, ya yi shekaru yana zuwa Kano da ita. Sau da yawa nakan gan ta ta wuce a babban titin Samaru da gurnaninta, sai in kawar da kai.

Na koma ɗan asibitin unguwa, na yi shekara ashirin ina allura da wankin ciwo. Ban raina aikin ba, da shi aka yi muku makaranta. Amma aji nake so, Rifkatu. Ina son tsayawa gaban 'yan mata arba'in in ga lokacin da abu ya shige su. Har yau in na gamu da ɗaya daga cikin ɗaliban nan nawa na wata bakwai, ta rusuna ta ce "Malama," sai na yini zuciyata ba daɗi.

Ba zan yi miki ƙarya ta biyu ba. Motarki tsohuwa ce, wata rana za ta tsaya da ke a hanya, ko kin kula da ita. Hanyar ma ba wasa ba ce, ga tireloli, ga masu motar haya da ke tuƙi kamar an biyo su. Irin motar nan kuma tana zuga mutum, da kin taɓa totur take amsawa, saboda haka duk wanda ya matsa miki ki ba shi hanya ya wuce, ba gasa kika fito ba. Ranar Asabar ki kai ta wurin Oga Sunday. Ya tsufa, amma kunnensa yana nan, kuma ba ya faɗa wa mutum abin da yake so ya ji. In ya ce ta isa hanya, ki hau. In ya ce sai an gyara wani abu, ki bar masa ita ki je tasha ki shiga ta haya har ya gama. Ranar da ta lalace, mota ce ta lalace, a gyara ta. Kada ki haɗa ta da aikinki.

Shi kuma Bitrus, na lura bai ce uffan ba ranar Lahadi. Kada ki fassara shirunsa da kanki. Yaro ne a gaban manya, ba zai katse su ba. Ki zaunar da shi ku biyu, ki gaya masa ƙarara kina son aikin nan, ki ji ta bakinsa.

Jiya na ɗauki gyalena na tafi unguwar Jama'a gidan Baba Ishaya. Na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na gaya masa duk abin da na rubuta miki, har filastar. Ya ce, "To, in wani abu ya sami yarinyar nan a hanya fa?" Na ce, "Yaya, Allahn da ke tsaron Samaru shi ke tsaron hanyar Kaduna. Ka riƙa yi mata addu'a, amma 'yata za ta tafi. Kuma kada a sake kafa hujja da ni." Ransa bai so ba, ko rakiya bai yi mini ba. Zai huce. Gobe kuma zan je wurin surukarki in maimaita mata, ba na jin nauyin kowa yanzu.

Wanda na fi jin nauyi shi ne babanki. Da na dawo na same shi a tsakar gida yana gyaran rediyonsa. Na zauna na fara, ina ta kewaye-kewaye. Bai bari na gama ba. Ya ce, "Na sani, Saratu. Sunday ya gaya mini tun ranar da na je ganin motar." Na ce, to me ya hana ka magana duk shekarun nan? Ya ce, "Na ga kin ji kunya, ban so in ƙara miki ba. Ina ta jira ki ce za ki koma, in raka ki." Shekara ashirin mutumin nan yana jira, ni kuma ban ce ba. Na yi kuka jiya, irin wanda ban yi ba ko a ranar bikinki.

Ni tawa ta wuce, ba makarantar da za ta ɗauke ni yanzu. Ke taki ranar Litinin ce, ƙarfe takwas. Ki tashi da wuri, ki karya, ki fita.

Ubangiji ya yi miki jagora. Ya tsare ki daga Kwangila har Kawo, ya tsare ki a dawowa, ya kawar da mugun direba da mugun mutum daga gabanki. Ya ba ki ido a hanya da baki a gaban mutane. Ya sa albarka a aikin hannunki da aurenki, cikin sunan Yesu. Amin.

In kin isa ofis kin zauna, ki kira babanki kafin ki kira ni.

Ni ce mamanki,
Saratu